Voisey's Bay: Yadda Aka Gano Nikel da Jan Ƙarfe a Arewacin Labrador, da Abin da Ya Hana Haƙo Su Shekara Goma

Wurin da matsalarsa

Voisey's Bay wani lungun teku ne a gaɓar arewacin Labrador, cikin lardin Newfoundland da Labrador na ƙasar Kanada. Gari mafi kusa shi ne Nain, mai nisan kilomita 35 ta arewa maso gabas, kuma mutanensa ba su kai 1,500 ba. Babu hanyar mota da ta haɗa Nain da ko'ina. Jirgin ruwa na zuwa a watannin da teku ke buɗe, sauran shekara kuwa sai ƙaramin jirgin sama ko babur ɗin ƙanƙara. Teku kan daskare tun daga Disamba, ba ta sakewa sai wajen Yuni. Mai son ganin dutse da idonsa yana da wata uku kacal a shekara, daga Yuli zuwa Satumba, kafin dusar ƙanƙara ta sake rufe komai.

Ƙasar tana da masu ita. Al'ummar Inuit na zaune a Nain, al'ummar Innu mafi kusa kuma a shekarun 1990 suna Davis Inlet, can kudu maso gabas. Dukansu suna farautar barewar karibu a yankin, suna kamun kifi a rafukansa. A lokacin babu ɗayansu da ya taɓa sa hannu a takardar sallama wa gwamnati ƙasar. Inuit sun shigar da buƙatar a tabbatar musu da haƙƙinsu tun 1977, kuma har aka shiga shekarun 1990 ba a kammala magana ba.

Matsalar wurin ta zo hawa biyu. Na farko, ta yaya za a gane akwai ma'adini a ƙasar da fadama da tsakuwar da ƙanƙara ta bari suka lulluɓe yawancinta? Na biyu, bayan an gane, ta yaya za a fito da shi?

Shekara biliyan 1.33 da suka wuce: yadda ma'adinin ya taru

Nikel ba ya taruwa wuri ɗaya haka kawai. Sai abu uku sun haɗu. Da farko ana buƙatar narkakken dutse daga can cikin ƙasa wanda ke ɗauke da nikel a narke, ɗan kaɗan, 'yan ɗaruruwan giram a kowane tan. Sannan ana buƙatar farar wuta ta shiga cikinsa fiye da yadda zai iya riƙewa, har ta ware ta zama ɗige-ɗigen ruwa mai nauyi. Waɗannan ɗige-ɗigen suna jan nikel da jan ƙarfe da kobal daga narkakken dutsen da ke wucewa ta kansu. A ƙarshe ana buƙatar tarko, wato wurin da gudun narkakken dutsen zai ragu har ɗige-ɗigen su kwanta, kamar yadda rafi ke zubar da yashinsa a inda ya buɗe.

A Voisey's Bay ukun sun haɗu. Wurin yana kan mahaɗar tsoffin ɓangarorin ƙasa biyu, Nain ta gabas da Churchill ta yamma. Narkakken dutse ya biyo ta wannan rauni ya taso, ya ratsa wani tsohon dutse da ake kira Tasiuyak, mai ɗauke da farar wuta da girafait, baƙin abin nan na cikin fensir. Ya cika wani ɗaki a ƙasa, ya haura ta wata siririyar hanya zuwa wani ɗakin na sama. Da ya huce ya zama dutsen tiroktolait. Ma'adinin yana kwance ne a cikin siririyar hanyar, a wuraren da ta kumbura, da kuma bakin da ta shiga ɗakin sama. Gauraye ne na firotait mai baƙin ƙarfe da farar wuta, da fentilandait mai nikel, da kalkofirait mai jan ƙarfe.

1985: an hau tudun, an sauko

A tsakiyar shekarun 1980 hukumar binciken duwatsu ta lardin ta tura Bruce Ryan da Dan Lee su zana taswirar yankin. A 1985 suka ga wani tudu mai jan tsatsa, suka sa shi a taswira, suka ɗauki samfuri daga samansa. Sakamakon awo bai nuna nikel ko jan ƙarfen da zai ja hankalin kowa ba. Aikinsu zana taswirar babban yanki ne, ba neman ma'adini ba, don haka suka wuce gaba. Bayanin ya shiga rahoton gwamnati, kowa na iya karantawa, kuma shekara takwas babu kamfanin da ya bi ta kai.

Dalilin ƙarancin sakamakon yana cikin yadda tsatsar ke samuwa. Idan firotait ya haɗu da ruwan sama da iska, farar wutarsa kan koma ruwan asid. Asid ɗin na narkar da nikel da jan ƙarfe, ruwa ya tafi da su, a bar baƙin ƙarfe shi kaɗai a matsayin tsatsa mai laushi, ja ko ruwan ɗorawa. Nikel ya fi saurin tafiya. Saboda haka hular tsatsar da ke kan ma'adini mai daraja da wadda ke kan firotait marar amfani suna iya ba da kusan sakamako ɗaya a ɗakin awo. Bambancin yana ƙasa da inda ruɓewar ta tsaya. A ƙasashe masu zafi wannan na iya kai mita hamsin ko fiye. A Labrador kuwa ƙanƙarar zamanin da ta kankare yawancin ruɓaɓɓen dutsen, don haka lafiyayyen dutse bai yi nisa da sama ba.

Satumba 1993: masu neman daimon

Bayan an gano daimon a Lac de Gras a arewa maso yammacin Kanada a 1991, ƙananan kamfanoni sun bazu neman irinsa a duk inda tsohon dutse yake. Ɗaya daga cikinsu shi ne Diamond Fields Resources na Robert Friedland da Jean-Raymond Boulle, wanda hankalinsa ya fi karkata ga daimon na gaɓar tekun Namibiya. Kamfanin ya ba wani ƙaramin kamfani na birnin St. John's mai suna Archean Resources kwangilar tattara yashin rafuka a Labrador, a duba ko akwai ƙwayoyin da ke rakiyar daimon. Archean ɗin mutum biyu ne, Albert Chislett da Chris Verbiski.

Neman daimon bai haifar da komai ba. A watan Satumba, lokacin aiki na gab da ƙarewa, suna komawa Nain a jirgi mai saukar ungulu suka hango tudun nan mai tsatsa. Da suka sauka a kansa, ba su tsaya ga ɓawon sama ba. Sun sa guduma sun fasa har suka kai ga dutse mai duhu wanda bai ruɓe ba, suka ga zare-zaren kalkofirait mai ƙyallin rawaya sun ratsa shi. Jan ƙarfe suka fara tunani, domin shi ido ke gani. Fentilandait yakan ɓuya a cikin firotait, launinsu kusan ɗaya, sai awo ke fito da shi. Awon ya nuna jan ƙarfe da nikel da kobal.

A farkon 1994 aka yi rajistar fulotan bincike a wurin da sunan Diamond Fields. Archean ya riƙe la'adar kashi 3 cikin ɗari na kuɗin duk ƙarfen da za a sayar daga wurin nan gaba. Tudun ya samu sunan Discovery Hill.

1994: awo a doron ƙasa, sannan ramuka huɗu

Aikin bazarar 1994 shi ne share layuka a kan tudun da kewayensa, a ɗauki samfuri, a auna maganaɗisu, a kuma auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi amfani. Yadda ake yinsa: mutum biyu suna tafiya a layi ɗaya, na gaba da na'urar karɓa, na baya da na'urar aikawa, waya ta haɗa su, tazararsu yawanci mita 100. Duk mita 25 sai su tsaya su karanta. Na'urar aikawa tana watsa filin maganaɗisu mai sauyawa. Idan akwai abu mai ɗaukar lantarki a ƙasa, sai lantarki ya kewaya a cikinsa ya haifar da nasa filin, na'urar karɓa ta ji. Dunƙulallen firotait na ɗaukar lantarki fiye da dutsen da ke kewaye da shi sau dubbai.

Awon yana da tarkonsa. Girafait ma na ɗaukar lantarki sosai, kuma dutsen Tasiuyak cike yake da shi. Haka firotait ɗin da babu nikel a cikinsa. Na'urar tana cewa akwai abu a nan, ba ta faɗin ko mene ne. Maganaɗisu ma bai zama abin dogaro shi kaɗai ba, domin yawancin firotait na Voisey's Bay irin wanda ba ya jan maganaɗisu sosai ne. Abin da ya ba alamar Discovery Hill nauyi shi ne ta bi ta ƙarƙashin dutsen da aka riga aka fasa aka ga ma'adini a ciki.

A Oktoba 1994 aka fara haƙa ramukan gwaji. A irin wannan wuri injin haƙa yakan zo ne a wargaje, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi gunduwa-gunduwa a rataye, a haɗa shi a kan dandamalin katako. Bakin injin zobe ne mai ƙwayoyin daimon, yana yanko sandar dutse mai kaurin santimita huɗu zuwa biyar. Dole ruwa ya riƙa zagayawa yana sanyaya bakin yana fito da garin dutse. Ana jawo ruwan da tiyo daga tafki, a bi da shi ta tukunyar ɗumamawa mai aiki da dizal. Idan famfo ya tsaya cikin tsananin sanyi, tiyon kan daskare nan da nan, sandunan haƙa ma suna iya maƙalewa a ramin, a yi asarar ramin da kayan duka. Shi ya sa ake aiki dare da rana, awa 12 kowane rukuni. Sandar dutsen da ta fito ana jera ta a akwatuna bisa zurfi, a rubuta bayaninta, a tsaga ta biyu da zarto. Rabi ya tafi ɗakin awo a yanka-yankan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, rabi a ajiye don shaida. Cikin samfuran ana cusa wasu da aka riga aka san adadinsu da wasu da babu komai a cikinsu, don a kama ɗakin awo idan ya yi kuskure.

Rami na biyu ya ratsa mita 41 na dunƙulallen ma'adini mai nikel kashi 2.96, jan ƙarfe 1.89, kobal 0.16 cikin ɗari. An sanar a Nuwamba 1994. Sakamako ne mai kyau ƙwarai, sai dai masu sanin aiki sun san tsawon da rami ya ratsa ba shi ne kaurin ma'adini ba. A ƙarƙashin tudun, hanyar narkakken dutsen kusan a tsaye take, kuma ramin da ya ratsa ta a karkace zai nuna ta fi yadda take kauri. Abin da ke hannu a ƙarshen 1994 siririn jiki ne mai daraja, wanda ba a tabbatar zai biya kuɗin tashar jirgin ruwa da sansani da injin niƙa a wuri kamar wannan ba.

Janairu 1995: rami na bakwai

Aka tsawaita layukan awon lantarki zuwa gabas, aka sauka daga tudun zuwa wata fadama inda babu dutse ko ɗaya a fili. Hunturu ya taimaka a nan, domin fadamar ta daskare, mutum da inji suna iya tsayawa a kanta. A can alamar ta faɗaɗa ƙwarai. Rami na bakwai, wanda aka haƙa a Janairu 1995, ya wuce laka da tsakuwa ya faɗa cikin dunƙulallen ma'adini, bai fita ba sai bayan mita 104. Nikel kashi 3.93, jan ƙarfe 2.84, kobal 0.14.

Wannan shi ne jikin da aka sa wa suna Ovoid. Ramukan da suka biyo baya, a jere kusa da juna, sun nuna siffarsa: tsawo kimanin mita 600, faɗi 350, zurfi ya ɗan haura 100 a tsakiya, murfin laka da tsakuwa kuma bai wuce mita 20 zuwa 30 ba. Lissafin ya tsaya a kan tan miliyan 31.7 mai nikel kashi 2.83, jan ƙarfe 1.68, kobal 0.12. Wato nikel kusan tan 900,000 da jan ƙarfe sama da tan 500,000, a wurin da za a yaye ƙasa a ɗiba daga sama. A Sudbury, babbar cibiyar nikel ta Kanada, ana shiga fiye da kilomita ɗaya ƙarƙashin ƙasa don ma'adinin da sau da yawa bai kai rabin wannan daraja ba.

Ovoid bai leƙo sama ko ta ina ba. Da guduma kaɗai ba za a taɓa samunsa ba.

Oktoba 1995: zurfin da na'urar doron ƙasa ba ta ji

Awon lantarki na mutum biyu ba ya jin abin da ya wuce 'yan gomman mita. Gabas da Ovoid alamar ta ɓace. Masu binciken suka haƙa dogayen ramuka a can, ba don wata alama ba, sai don su san yadda gindin babban jikin tiroktolait yake kwance. A Oktoba 1995 ɗaya daga cikinsu ya faɗa cikin ma'adini a zurfin da ya haura mita 500. Wannan shi ne Eastern Deeps, wanda ke daidai inda siririyar hanyar ta shiga ɗakin sama. Ya fi Ovoid yawa, kusan tan miliyan 50 a lissafin farko, amma nikel ɗinsa wajen kashi 1.4 ne, kuma sai an shiga ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan salon aikin ya sauya. Ana shimfiɗa babbar waya a sama, a zura na'urar karɓa cikin ramin da aka riga aka haƙa, ta faɗi ko akwai abu mai ɗaukar lantarki a gefe wanda ramin ya kuskure, da kuma ta wane ɓangare. Ana kuma karanta sandar dutsen kanta: gutsattsarin dutsen Tasiuyak da suka narke rabi a cikin tiroktolait alama ce ta cewa ana kusa da hanyar. Da wannan aka bi hanyar zuwa yamma har yankin Reid Brook.

1995 zuwa 1996: ciniki da rububi

A Afrilu 1995 kamfanin Teck ya sayi kashi 10.4 na Diamond Fields a kan dalar Kanada miliyan 108. A Yuni kamfanin Inco, wanda ke kan gaba a nikel a ƙasashen Yamma, ya sayi rubu'in ma'adinin. A Fabrairu 1996 abokin hamayyarsa Falconbridge ya taya duka kamfanin Diamond Fields. Inco ya ƙara a kai, aka rufe ciniki a Agusta 1996 a kan dalar Kanada biliyan 4.3. Tsarin Inco shi ne ya fitar da nikel wajen tan 120,000 a shekara, da injin niƙa mai cin tan 20,000 a rana, ya fara kafin ƙarshen shekarun 1990.

A gefe guda kuma aka yi rububin fulotai. An yi rajistar sama da 200,000 a Labrador cikin ɗan lokaci, yawancinsu daga kan taswira, ba tare da an taka ƙasar ba. Kamfanoni da yawa sun tashi jirage masu awon lantarki, suka sami alamu birjik, suka haƙa. Wasu suka faɗa kan girafait. Wasu suka sami firotait a cikin wani dutse daban mai suna anotosait, inda nikel ɗin cikinsa ya yi ƙaranci, domin narkakken dutsen da ya haife shi ba shi da nikel da yawa tun asali, ko kuma ɗige-ɗigen ba su haɗu da isasshensa ba kafin su daskare. Wuri mafi kama da Voisey's Bay shi ne Pants Lake da ke kudu. Dutsen ya yi kama, farar wutar ma akwai, amma ba a sami tarin da zai biya haƙa ba.

1995 zuwa 1999: masu ƙasa

Tun Fabrairu 1995, wata ɗaya bayan rami na bakwai, mutanen Innu suka isa sansanin masu binciken suka miƙa takardar a tashi. An yi kusan mako biyu ana zaman doya da manja tsakaninsu da 'yan sanda. A Janairu 1997 gwamnatin tarayya da ta lardi da ƙungiyar Inuit da ta Innu suka amince a kafa kwamiti ɗaya na nazarin tasirin aikin ga muhalli.

Inco ya so ya rage lokaci. Ya nemi gina hanya da filin saukar jirgi tun kafin nazarin ya ƙare, yana cewa kayan bincike ne na wucin gadi, ba na haƙa ba. A Agusta 1997 Inuit da Innu suka haɗu suka tare wurin ginin. Kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta dakatar da aikin, ta ce hanyar da filin ɓangare ne na babban aikin, dole su jira nazari.

Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1999 da shawarwari 107. Ya ce aikin na iya tafiya, bisa sharuɗɗa. Uku daga ciki suka fi nauyi: a daidaita maganar haƙƙin ƙasa, a ƙulla yarjejeniyar amfani da al'ummomin biyu kafin a fara, kuma a tsara haƙar yadda za ta ɗauki aƙalla shekara 20 zuwa 25. Lissafin da ke bayan na ukun a fili yake. A gudun da Inco ya tsara, Ovoid zai ƙare cikin shekara bakwai ko makamancin haka, kafin yaron Nain da ya shiga koyon aiki ya kai matsayin shugaban rukuni.

1996 zuwa 2002: rikicin matata

Lardin yana da nasa tsohon ciwon. Ya daɗe yana ganin kifinsa da tamarsa da wutar lantarkin Churchill Falls suna tafiya wasu wurare su ci riba. A Nuwamba 1996 Inco ya yi alkawarin gina matatar narkarwa a Argentia, a tsibirin Newfoundland. Sai farashin nikel ya faɗi. A ƙarshen 1998 nikel mai nauyin fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, bai kai dalar Amurka 2 ba. Inco ya ce matatar ba za ta biya kanta ba, ya nemi ya kai garin ma'adinin da aka niƙa zuwa matatunsa na Sudbury da Thompson, a wasu lardunan Kanada. Firimiya Brian Tobin, shugaban gwamnatin lardin, ya ce ko cokali ɗaya ba zai bar lardin ba a tace ba. Tattaunawa ta watse a 1998, aka sake zama, ta sake watsewa a Janairu 2000.

An warware a Yuni 2002, zamanin Firimiya Roger Grimes, ta hanyar rage girman komai da sauya fasaha. Injin niƙa ya koma tan 6,000 a rana, nikel wajen tan 50,000 a shekara, abin da ya miƙa rayuwar Ovoid zuwa kimanin shekara 14. Maimakon narkarwa da wuta, Inco zai gwada tacewa da ruwan sinadari a cikin tukunya mai matsi, a ƙaramar masana'antar gwaji a Argentia, sannan ya gina babba. Kafin nan an yarda garin ya tafi Sudbury da Thompson, da sharaɗin a dawo wa lardin da kwatankwacinsa daga baya. A watan ne kuma Inuit da Innu suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyoyinsu, masu ba su fifiko a ɗaukar aiki da kwangila da kason kuɗi. A shekarar Inco ya rage darajar kadarar a littafinsa da kimanin dalar Amurka biliyan 1.5.

2003 zuwa 2005: gini da jirgin farko

An gina tasha a Edward's Cove cikin Anaktalak Bay, da injin niƙa, da sansanin da ma'aikata ke zuwa da jirgin sama su yi makonninsu su koma. Ba a kafa gari ba. Dusar niƙa, wadda yawancinta firotait ne, ana zuba ta ƙarƙashin ruwa a tafkin Headwater Pond don kada iska ta taɓa ta ta haifar da asid.

Magana mafi wuya ita ce jigila a hunturu. Ƙanƙarar teku ita ce hanyar mutanen Nain zuwa farauta, kuma jirgin da ya fasa ta yana barin buɗaɗɗen rami a tsakiyar hanya. Garin nikel kuwa ba ya son dogon ajiya, domin yana haɗuwa da iska ya yi zafi ya lalace. Aka daidaita a kan tafiye-tafiye ƙalilan a tsakiyar hunturu, da hutun kimanin mako shida sau biyu, ɗaya lokacin da ƙanƙara ke fara kamawa, ɗaya a bazara. Wani kamfanin Inuit ke sa alamu a kan sawun jirgin, yana auna kaurin ƙanƙara, yana shimfiɗa gadoji masu yawo a mashigai. An ƙera jirgi mai fasa ƙanƙara, Umiak I, don wannan aiki, ya fara a 2006.

An fara haƙa a Agusta 2005, kayan farko suka tashi a Nuwamba. Ranar 1 ga Disamba 2005 yarjejeniyar ƙasar Inuit ta fara aiki, aka kafa gwamnatin Inuit mai suna Nunatsiavut.

Bayan 2005

Kamfanin CVRD na Birazil, wanda ya koma Vale, ya saye Inco a 2006. Babbar matatar ta koma Long Harbour, shi ma a tsibirin Newfoundland, aka fara gini a 2009, ta fitar da nikel na farko a 2014, shekara 18 bayan alkawarin Argentia. Shiga ƙarƙashin ƙasa ya jira har 2018, lokacin da Vale ya sayar da wani kaso na kobal ɗin da zai haƙo nan gaba a kan dalar Amurka miliyan 690 don ya sami kuɗin aiki. Reid Brook ya ba da ma'adinin farko a 2021, Eastern Deeps ya biyo baya.

Hukunci

Samfurin 1985 bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ke cikin tsatsa ne. Kuskuren yana wajen kamfanonin da suka karanta ƙaramin adadi a rahoto suka ɗauka hukunci ne a kan abin da ke ƙasa, alhali taswirar ta nuna tsatsa a kan dutsen da ya dace, kusa da dutse mai farar wuta. Akwai kuma ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin cewa duwatsun Nain ba gidan nikel ba ne. Chislett da Verbiski sun yi sa'ar bi ta kan tudun, amma fasa dutsen har ƙasan ruɓewa ba sa'a ba ce.

Kowace dabara ta yi aiki ne a iyakar zurfinta, kuma don ta tsaya a kan wadda ta gabace ta: guduma a kan tudu, awon lantarki a fadama, fahimtar hanyar narkakken dutse a zurfin mita 500. Masu rububi sun fara daga tsakiya, da alamar lantarki ba tare da dutsen da ya tabbatar da ita ba, a ƙasar da girafait ya cika.

Farashin 1996 an gina shi ne a kan tan da kashi, da zaton za a fara nan da shekara uku a cikakken gudu. Abu biyun da suka rushe zaton, haƙƙin ƙasa da sharaɗin matata, duk sanannu ne kafin a biya kuɗin: buƙatar Inuit na kan tebur tun 1977, takardar Innu ta iso tun Fabrairu 1995. Yunƙurin gina hanya a 1997 ya jawo ƙarin jinkiri ne, ya kuma haɗa kan al'ummomi biyu da ke da saɓani a kan iyakokinsu. Tsarin da ya yi aiki a 2002 bai kai rabin na farko girma ba, kuma kusan shi ne abin da kwamitin muhalli ya nuna tun 1999. Matsayin lardin ya samar da matatar Long Harbour, sai dai garin ma'adinin Ovoid mafi daraja ya shafe kusan shekara tara yana tafiya Sudbury da Thompson kafin ta fara aiki.

Ta fuskar bincike, tambaya ɗaya na nan a buɗe. Discovery Hill da Ovoid da Eastern Deeps da Reid Brook duk suna kan hanyar narkakken dutse guda, mai tsawon 'yan kilomita. A sauran faɗin duwatsun Nain, bayan shekara talatin ana nema, ba a buɗe mahaƙar nikel ta biyu ba.